Don Allah masana fisiyoloji ku warware min wannan

Assalamu alaikum 'yan uwa, ɗalibin fisiyoloji ne ni, jarabawa saura kwana 5 kuma wani abu ya tsaya min a wuya kan tsokar nan mai santsi da ke cikin azzakari.

Abin da na gane shi ne, miƙewar gaba sakin tsoka ne ba ɗaurewa ba. Jijiyoyin da ke fitowa daga ƙasan lakar baya (S2 zuwa S4) su saki sinadarin NO (nitric oxide), shi kuma ya sa cGMP (sinadarin da ke isar da saƙon a cikin ƙwayar tsoka) ya ƙaru, kalsiyam ya ragu, tsoka ta saki, jini ya cika wurin har ya danne jijiyoyin da ke mayar da shi. Maganin sildenafil (Viagra) da Amurka ta amince da shi a 1998 ma PDE5, wato sinadarin da ke lalata cGMP, yake toshewa don kar cGMP ya lalace da wuri, shi ya sa in babu sha'awa ba ya aiki. Duk wannan na haddace tsaf.

To inda kaina ya ɗaure, idan gaba na kwance ai tsokar a ɗaure take kusan yini guda, ta yaya ba ta gajiya kamar tsokar hannu? Littafi ya ce kalsiyam na haɗuwa da furotin kalmodulin su tayar da MLCK (sinadarin da ke kunna mayosin, furotin mai sa tsoka ɗaurewa), sai kuma na ga ana cewa wani sinadari Rho-kinase na hana fosfatas na mayosin (sinadarin da ke dakatar da mayosin don tsoka ta saki) aiki, ɗaurin ya ci gaba ko kalsiyam bai yi yawa ba. Wai su biyun tare suke tafiya ne ko ɗaya ke farawa ɗaya ya riƙe? Kuma cGMP ɗin yana taɓa Rho-kinase kai tsaye?

Wallahi na kwana biyu a kai, wanda ya sani ya yi min bayani da sauƙi don Allah.