Wace ƙa'ida ake bi wajen tsara saƙon kuskure a manhajojin layin umarni?

Hadiza: Assalamu alaikum. A wurin aikinmu muna da ƙananan manhajoji da muke gudanarwa ta layin umarni, wato ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni, a tsarin Linux, kuma kowacce da wanda ya rubuta ta. Wata idan ta kasa buɗe fayil sai ta zubo bayanin amfani, wato bayanin yadda ake amfani da ita, gaba ɗaya, wata kuwa sai ta fita shiru kamar komai lafiya. Shin akwai ƙa'idar da za mu ɗora su a kanta?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ƙa'idojin GNU, wato shirin da ya samar da yawancin manhajojin layin umarni na Linux, sun tanadi cewa saƙon kuskure ya fara da sunan manhajar, sai ruwa biyu, sai abin da ya faru, ba tare da aya a ƙarshe ba, kuma kowace manhaja ta amsa --help (neman bayanin amfani) da --version (neman lambar sigarta). Abin da ya fi wannan muhimmanci a ganina shi ne kuskure ya tafi stderr (mafitar da aka ware wa saƙon kuskure), sakamako kuma ya tafi stdout (mafitar sakamako ta yau da kullum), domin idan aka haɗa manhajarku da wata, kada ta biyun ta karɓi ƙorafi a matsayin bayanai. Wadda ke fita shiru ita ce mafi haɗari, saboda kowace manhaja tana mayar da lambar fita idan ta gama, kuma lambar fita 0 tana nufin nasara. Ki duba grep, manhajar neman rubutu a cikin fayil: tana mayar da 0 idan ta samu abin da ake nema, 1 idan ba ta samu ba, 2 idan matsala ta auku.

Injiniya Auwal: Na yarda da Malam, amma ku rarrabe kuskuren mai amfani da kuskuren aiki. Idan mutum ya rubuta zaɓin da babu shi, layi ɗaya na yadda ake amfani ya isa, tare da nuna masa --help. Idan kuwa fayil ne ya ƙi buɗuwa, a ambaci sunansa da dalilin da tsarin ya bayar, bayanin amfani ba shi da gurbi a nan.

Hadiza: Na gode. To wace lamba ta dace da kuskuren mai amfani?

Malam Bashir: A nan ba a yi ittifaƙi ba. Argparse, mai karanta zaɓuɓɓukan umarni a yaren Python, yana fita da 2, sysexits.h, fayil ɗin lambobin fita na tsarin BSD, kuma ya ware 64. Ku zaɓi ɗaya ku rubuta ta a takardar aikinku, sai dai ku guji 126 da 127, domin Bash, manhajar da ke karɓar umarni a Linux, yana amfani da su wajen umarnin da ya kasa gudanarwa ko bai same shi ba.