Kalmar "sorry": abin da malaman Turanci suka ce a kiyaye

Wasu malaman Turanci sun tafka muhawara a kan kalmar "sorry", ga abin da na tsinta.

Asalinta "sarig" ne a tsohon Turanci, wato mai jin ciwo ko ɗacin rai. 'Yar'uwar "sore" ce, wato mai ciwo. Ba tushensu ɗaya da "sorrow", wato baƙin ciki, ba, duk da kamar da suke yi.

Inda aka fi daɗewa shi ne yadda mu muke amfani da ita. Mutum ya yi tuntuɓe, ko shayi ya zube masa a riga, sai mu ce "sorry", alhali sannu muke nufi. Bature kuwa sai ya dube ka ya ce ai ba laifinka ba ne, don a kunnensa gafara kake nema. Shawarar da aka bayar ita ce, in da Bature kake, tambaye shi "are you all right?" Wata malama ta ce a Najeriya kam kada a hana yara faɗinta, Turancinmu ne. Ni ma ina bayanta.

Wajen ta'aziyya "sorry for your loss" ta zauna daram. In ka ji an ɗaga murya an ce "sorry?", so ake ka maimaita maganarka. A wasiƙar ofis kuwa "apologise" ta fi dacewa.

Wani ya ja kunne cewa a ƙasar waje kalmar na iya zama kamar amsa laifi bayan haɗarin mota. Shi ya sa lardin Ontario na Kanada ya yi doka a 2009 cewa ba da haƙuri ba hujja ba ce a shari'ar neman diyya.