Yaro mai shan-inna a firamare: yaya malamai suka karɓe shi a garinku?

Maman Ummi, yankin Gwarzo: Assalamu alaikum jama'a. Ɗan ƙanwata ne shan-inna ya taɓa masa ƙafafu, a keken guragu yake yawo. Mun kai shi firamaren ƙauyenmu, hedimasta ya ce mu nufi makarantar Tudun Maliki da ke Kano da shi. To can ai ta makafi da kurame ce, shi kuwa ido da kunne garau. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan?

Malamin firamare, Ringim: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yawancinmu ba mugunta ba ce, tsoron ɗawainiya ne. Aji cike maƙil, yara zube a ƙasa, malami na tunanin wa zai riƙa ɗaga shi. Amma abin da ba a faɗa shi ne bayan gida. Na koyar da wata yarinya mai rarrafe, silifa take sawa a hannu. Masai na tsuguno, ƙasa jiƙe, ta ina za ta shiga? Sai ta daina shan ruwa da safe, har a watan zafi. Da na gane, na roƙi matar gidan da ke jikin makaranta ta riƙa barinta tana zagawa can.

Tela, Kazaure: Ni da kaina na yi wannan karatun da sanduna biyu. Malamin da ya fi cutar da ni mai tausayi ne. Ba ya tambayata, ba ya duba littafina, kullum "ku bar shi, bawan Allah". Malamar da ta amfane ni kuwa, aiki take ba ni kamar kowa, in na faɗi ta ja min jan biro. Ita ta sa aka mayar da ajinmu ɗakin da dakalinsa bai da tsawo. Allah ya saka mata da aljanna.

Yaya Babba, Gumel: Amin. Hajiya, hedimastan bai da hurumin mayar da yaron. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, Buhari ya sa mata hannu tun Janairun 2019, kuma wa'adin shekara 5 na gyara gine-ginen gwamnati ya cika a 2024. Ku fara da kwamitin makaranta da mai gari. In hedimastan ya ƙi, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai. Babansa zai ga mai gari bayan Juma'a. Malam, maganar masan nan ko kusa ba ta zo min ba, gobe zan je in duba nasu da idona.