Su wane ne masu rawar barewa ta ƙasar Meziko?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Jiya da dare ɗana ya nuna mini wani bidiyo a YouTube: namiji ba riga, an ɗaura masa kan barewa a ka, caki a hannu biyu, ga wani abu kamar akayau a ƙafafunsa. Yana tsalle yana waige-waige kamar dabbar da ta ji motsin maharbi, har aka harbe shi ya faɗi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. An rubuta sunan ƙungiyar rawar, Ballet Folklórico de México. Ta gwamnati ce? Yaya aka yi suka zagaye duniya?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Mace ce ta kafa ta, Amalia Hernández, a 1952, da 'yan rawa takwas kacal. Talabijin ce ta fara fito da su. A 1954 suka samu wani shiri na mako-mako, kin ga dole kowane mako a zo da sabuwar rawa, ita kuwa ta yi ta shiga garuruwa tana koyo daga masu abin. A 1959 aka tura su wakiltar ƙasarsu a wasannin nahiyar Amurka da aka yi a Shikago. Daga nan Shugaba Adolfo López Mateos ya tsaya musu, suka samu wurin zama a babban zauren Bellas Artes na birnin Meziko. A 1961 suka ci lambar yabo a Paris, gayyata ta yi ta zuwa.

Na taɓa kallonsu a zauren nan wata Lahadi. Abin da ya tsaya mini a rai rawar jihar Veracruz ce: aka shimfiɗa dogon jan ƙyalle a ƙasa, saurayi da budurwa cikin fararen kaya suka ƙulle shi da ƙafa kawai, suna rawa, ba wanda ya sunkuya. Da suka ɗaga ƙullin sama, zauren ya ɗauki tafi.

Ɗan Ƙauye:
Malam, a yi mini afuwa, amma a faɗa wa Hajiya sauran. Rawar barewa ta ƙabilar Yaqui ce ta jihar Sonora, kuma a wurinsu al'amarin ibada ne, ana kwana ana yi. Amalia ta karanci rawar Turawa, ta gajarta wannan, ta ƙara mata tsalle don ta dace da dandamali. Mutum ya kalla ya ɗauka haka ake yi a ƙauyen. Wannan yana damuna.

Tsohon Malami:
Gaskiyarka, kuma 'yan Meziko da kansu sun daɗe suna wannan muhawara. Ni dai na san ba don ita ba, da ni da kai ba mu taɓa jin sunan Yaqui ba. Ta rasu a 2000, 'ya'yanta mata da jikanta Salvador López suka ci gaba da riƙe ƙungiyar.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Ɗan Ƙauye, me zan rubuta in nemo ta Yaqui ɗin ta asali? Ina so mu kalli duka biyun da yaron nan.