Shawarwarin Samaru kan Manhajojin da ke Tsara Kod

A wata tattaunawa da matasa masu rubuta manhaja suka yi a Samaru, Zariya, an fi daɗewa kan manhajojin kyauta masu buɗaɗɗen kod da ke tsara wa mutum shafin gabatar da kai a GitHub, dandalin intanet da ake ajiye kod. Sharaɗin samun shafin shi ne a buɗe ma'ajin kod mai suna ɗaya da sunan asusun, a bar shi a fili, a saka masa fayil ɗin bayani mai suna README.md. An yi gargaɗi, kuma da gaskiyarsu, kan cika shafin da tambarin harsunan rubuta manhaja ashirin alhali Python kaɗai mutum ya iya, domin mai ɗaukar aiki ayyukan da aka kammala yake dubawa.

Game da manhajojin intanet, an shawarci masu farawa su kama Vite wajen tsara kod ɗin farko, tunda an jingine takwararta Create React App a 2025. Mai amfani da Django, tsarin gina manhajar intanet da Python, kuwa ya tuna cewa fayil ɗin saituna settings.py yana zuwa da DEBUG (yanayin nuna bayanan kurakurai) a kunne da mabuɗin sirri a rubuce, don haka kada ya ɗora shi a intanet haka. An kuma ce a karanta lasisi, domin lasisin GPL yana wajabta buɗe kod ɗin duk manhajar da aka gina da kod mai wannan lasisi idan aka rarraba ta, lasisin MIT kuwa bai wajabta ba.