Wuri dodon koɗi ne, ko malamar ta yarda ko ba ta yarda ba

Lawal Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum jama'a. Wallahi tun jiya raina a ɓace yake, bari in sauke a nan ko na samu sauƙi. Ɗiyar yayana tana aji biyu na babbar sakandare, aka yi masu gwajin bayoloji aka ce su kawo misalin Gastropoda, wato ajin dabbobin da dodon koɗi yake ciki, guda uku, yarinya ta rubuta dodon koɗin tudu, na tafki, sai wuri. Malamar ta ja jan biro a kan wuri, wai shi yana cikin masu ɓawo biyu ne tunda yana da tsaga a tsakiya. Yarinya ta koma da magana cikin ladabi aka ce ta cika rawar kai, aka sa ta durƙuso a gaban aji. To ni ina faɗa a nan kowa ya ji, wuri dodon koɗi ne na teku, ɓawonsa ɗaya ne tal, kuma an zalunci yarinyar nan.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam Lawal ka ji ta bakin malamar kuwa? Yara fa in sun dawo gida rabin labari suke kawowa

Lawal Ƙofar Marusa: Takardar tana hannuna Malama, jan biron ba yarinya ta sa shi ba

Alhaji Mamman: Lawal mi kake nufi da dodo? Wurin da kakanninmu suka yi fatauci da shi har Gwanja, aka biya sadakin iyayen iyayenmu da shi, shi ne yau zaka buɗe baki ka ce dodo? A'a yaro, gyara kalamanka.

Lawal Ƙofar Marusa: Allah ya huci zuciyarka Baba Alhaji, ba ni na raɗa sunan ba, haka Hausawa ke kiran dabbar da ke cikin katantanwa tun kafin a haife ni

Alhaji Mamman: Dabbar katantanwa daban wuri daban. Ni kakata tana da ƙwarya cike da shi a ƙarƙashin gado, mun yi wasa da shi mun ƙirga shi, ban taɓa ganin wani abu ya leƙo daga ciki ba

Bishir Lab: Baba ai ba zai leƙo ba, wanda ya iso Katsina dabbar ta daɗe da mutuwa tun a bakin teku. Wurin da aka fara yin kuɗi da shi a ƙasar nan daga tsibiran Maldibs yake a tekun Indiya, can ake tara shi a bar naman ya ruɓe a wanke ɓawon a loda a jirgi, daga baya aka riƙa kawo wani ɗan'uwansa mai zobe ruwan ɗorawa a baya daga wajen Zanzibar. Linnaeus mutumin Suwidin shi ya sa wa na Maldibs ɗin sunan kimiyya a 1758, Cypraea moneta, moneta ɗin ma kuɗi yake nufi, yanzu an mayar da shi Monetaria moneta. Kuma Lawal ya yi gaskiya, Gastropoda ne. Yana ƙarami ɓawonsa a murɗe yake kamar na kowane dodon koɗi, in ya girma sai leɓen ya naɗe ciki ya bar ƴar tsagar nan mai haƙora, murɗin ya ɓuya. Duk mai wurin da aka fasa wa baya a gida ya ɗauko ya leƙa zai ga naɗin a ciki. Masu ɓawo biyu su Bivalvia ne, ɓawonsu na buɗewa yana rufewa kamar ƙyaure, wuri kuwa ko da guduma ba zaka buɗe shi ba sai dai ka fasa

Lawal Ƙofar Marusa: Alhamdulillah. Malama Hadiza kin gani ko

Nura Daura: Ni dai kalmar dodon nan ce ta tsaya mani. Mu a Daura in aka ce dodo abin da ke hana mutane sakat ake nufi, irin macijin rijiyar Kusugu da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Ɗan abin da yaro ke takawa da silifas a damina ta ina ya zama dodo? Ina ga Katsinawa ne suka ƙara masa girma

Sagir Admin: Nura kada ka jawo mana Katsina da Daura a nan don Allah

Nura Daura: Ban jawo komai ba, Hausa a wurinmu ta samo tushe, in ana maganar kalma dole a saurare mu

Alhaji Mamman: Tushe kuna da shi ba a musu, amma ilimi da kasuwa nan suka zauna, hasumiyar Gobarau na nan tsaye shaida. Baturen nan Barth da ake kira Abdulkarimu da ya shigo ƙasar Hausa a 1851 Katsina ya sauka kafin ya wuce Kano, zamanin Sarki Muhammadu Bello, kuma da wuri ya tarar ana ciniki

Bishir Lab: Haka ne Baba, a Kano ma ya rubuta wuri 2,500 ake canjin dala guda ta azurfa

Nura Daura: To shi Barth ɗin ya ce dodo ne?

Lawal Ƙofar Marusa: Haba Nura. Ni maganar makin yarinya nake, an cire mata maki biyu a kan gaskiya an kuma kunyata ta

Malama Hadiza: Ni abin da ya dame ni kalmar zalunci da ka yi amfani da ita. Ka san yara nawa ne a aji ɗaya yanzu? Ka san rabon da a kawo sabon littafi makarantun nan? Malama ta yi kuskure ɗaya a kan abin da babu shi ko a dam ɗin Ajiwa ko na Jibiya, babu wanda ya taɓa ganinsa da rai a cikinmu, sai a kawo ta gaban mutum ɗari ana ce mata azzaluma. Mu malamai kullum mu ne abin duka, albashi bai kai ƙarshen wata ba, iyaye ba su zuwa taron makaranta, amma ranar da aka yi kuskure kowa ya zama farfesa

Lawal Ƙofar Marusa: Ban ce azzaluma ba, na ce an zalunci yarinya

Malama Hadiza: Wanda ya yi zalunci mi sunansa?

Ustaz Kabir: Jama'a a yi hattara da harshe. Ni tambayata ga Malam Bishir, wannan rabe-raben da ake jingina wa Turawa yau a ce kaza gobe a canza, ta yaya za a hukunta malama ko ɗaliba a kai? Kai da kanka ka ce an canza wa wuri suna

Bishir Lab: Ustaz sunan gidansa na kusa aka canza, babban ajin bai motsa ba. Cuvier Bafaranshe ne ya ware Gastropoda tun wajen 1795, ma'anar kalmar mai tafiya a kan ciki, kuma wuri bai taɓa fita daga ciki ba. Abin da ya hargitse shi ne rabon cikin gida. Littafin da muka yi karatu da shi kashi uku ya yi masu bisa tsarin Thiele na wajen 1930, Prosobranchia masu abin shaƙar iska a ruwa ta gaba, Opisthobranchia masu shi ta baya, Pulmonata masu huhu. Mun haddace mun ci jarabawa da shi. Sai Ponder da Lindberg suka sake bin diddigin jikin dabbobin a 1997, aka zo kuma da binciken ƙwayoyin gado, sai aka ga Prosobranchia ɗin nan tarkace ne aka tara wuri guda don sun yi kama, ba ƴan kaka ɗaya ba ne, kamar ka haɗa duk mai rawani a kasuwa ka ce dangi ne. Bouchet da Rocroi suka fitar da sabon tsari a 2005 suka sake gyara shi a 2017. Yanzu wuri yana Caenogastropoda tare da ƙananan nan masu tsini da mutanen Neja Delta ke sa wa a miya, da kuma babban nan na tafki mai marfi a bakinsa. Na tudu kuwa mai ƙaho huɗu yana Heterobranchia, danginsa na kusa har da waɗansu na teku da ba su da ɓawo sam. To ka ga Lawal, wuri da dodon koɗin bayan gidanka aji ɗaya ne amma nesa suke da juna, kada ka ɗauka wa da ƙane ne

Lawal Ƙofar Marusa: Yanzu kai Bishir wane ɓangare kake? Ɗazu ka ce na yi gaskiya

Bishir Lab: Har yanzu ka yi gaskiya, amsar yarinya daidai ce ɗari bisa ɗari. Ƙarin bayani ne kawai

Malama Hadiza: Kun ji dai da kunnenku, masana ma sun yi shekara sittin da wani abu suna koyar da kuskure babu wanda ya ce masu azzalumai

Lawal Ƙofar Marusa: Su ba su sa kowa durƙuso ba Malama

Nura Daura: Ni fa yanzu na gano bakin zaren. Koɗi da kuɗi kalma ɗaya ce, wasali ne kawai ya bambanta. Kenan kakanninmu sun san wuri koɗi ne tun kafin wani Linnaeus

Alhaji Mamman: Wa ya gaya maka? Kuɗi jam'in wuri ne, wuri ɗaya, kuɗi da yawa, shi ya sa har gobe ake cewa ba ni da ko wuri. Dubu a ce zambar, 20,000 a ce keso. Ba ruwansa da koɗi

Nura Daura: Baba da girmanka amma kunne ma ya isa shaida, faɗi su a jere ka ji

Alhaji Mamman: Kunne? To ƙaya da ƙoya ma sai ka ce abu ɗaya ne. Kawo littafi

Nura Daura: Wani dattijo ne a unguwarmu ya faɗa mani kuma ya fi littafi sanin Hausa

Ustaz Kabir: Tunda an ambaci miya, kada wani ya karanta ya ɗauka komai halal ne kai tsaye. Na teku babu matsala a mazhabarmu ta Malikiyya. Na tudu kuwa hukuncin fara aka ba shi, a kama shi da rai a dafa ko a gasa da niyya da bisimilla, wanda aka tsinta matacce a bar shi

Hajiya Binta: Ustaz wa zai ci wannan abu mai yauƙi a Katsina fisabilillahi, ko kyauta aka ba ni. Ni wurin ma tsoronsa nake, ban da ƴan bori da masu duba wa ke ajiye shi yanzu

Alhaji Mamman: Hajiya kin ga irin abin da nake gudu ke nan. Ɗaya ya ce dodo, ke kin ce bori. Kakata da ta ajiye shi har ta rasu ba ta taɓa zuwa wurin boka ba, ado ne a faifai da ƙwarya da tunawa da mahaifinta

Hajiya Binta: Yi haƙuri Alhaji wallahi ba da ita nake ba, Allah ya jiƙanta

Sagir Admin: Amin

Bishir Lab: Tunda ana ta cewa rabe-raben nan ba ruwanmu da shi, bari in faɗi inda ya shafe mu. Tsargiyar da yaran ƙauyukan bakin dam ke fitsarin jini da ita, ƙwayar sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwan daɗi mai suna Bulinus kafin ta huda fatar mai wanka, ta hanji kuma ta jikin Biomphalaria take bi. Babban mai marfin da ke tafki ɗaya da su ba ya ɗauke da ita. Ma'aikacin lafiyar da bai iya bambance su ba zai je ya duba ruwa ya dawo da rahoton banza. Ire-iren dodon koɗi sun haura 60,000 a duniya, in ba a jera su daidai ba ta ina za a gane mai cutar? Yarinyar da ta lura wuri ɗan wannan aji ne irinta muke nema a lab

Nura Daura: Wannan Bulinus ɗin shi ya cancanci a ce masa dodo, ba wuri ba

Alhaji Mamman: Yau dai ka faɗi ta hankali

Lawal Ƙofar Marusa: Wato duk bayanin nan abin da kuka tsinta ke nan

Sagir Admin: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita mu rufe. Abin da aka fahimta, masana kansu sun yi ta canza rabe-raben nan daga 1930 zuwa 2017 kamar yadda Malam Bishir ya nuna, don haka ba abin a ɗora wa malama laifi ba ne, mu da muke riƙe da alli mun san yanayin da ake aiki a ciki. An kuma yarda kalmar dodo ba ta dace da wuri ba saboda darajarsa a tarihinmu, kuma kalmar zalunci ta yi nauyi, muna roƙon Malam Lawal ya janye ta. Batun koɗi da kuɗi an bar wa Nura ya kawo hujja. Allah ya ba mu alheri

Bishir Lab: Malam Sagir ban ce haka ba fa. Na ce rabon cikin gida ne ya canza, wuri bai taɓa shiga masu ɓawo biyu ba a kowane tsari

Lawal Ƙofar Marusa: Wa ya yarda? Ni ban janye komai ba. Ranar Litinin in Allah ya kai mu da kaina zan raka ta makarantar, Baba Alhaji in akwai sauran wurin kaka mai fasasshen baya a ara mani guda ɗaya

Alhaji Mamman: Ka biyo bayan sallar azahar gobe ka amsa, amma ka dawo mani da shi, kuma kada ka kira shi dodo a gabana