Me za mu kira "habitat" da Hausa? Ni dai na karkata ga mazauni da kiwonsa

Jama'a, ina neman taimakonku a kan wata kalma. Ranar Asabar muka kwashi yaran Islamiyyarmu daga Agege muka kai su dajin da ake adanawa a Lekki, a Legas, wanda NCF, gidauniyar adana daji da namun daji ta Najeriya, ta kafa a 1990, fili mai hekta 78 da gine-gine suka kewaye. Mai yi mana jagora yana nuna malam-buɗe-littafi yana ta maimaita "habitat", sai wata yarinya ta ja hannun rigata ta ce, "Malam, me ke nan?" Na ce mata muhalli. Tun muna cikin mota amsar take damuna.

Muhalli ya yi faɗi. Da shi rediyo ke maganar kwata, da hayaƙin janareta, da ledar da ta toshe magudana. Abin da mutumin yake nufi kuwa shi ne wurin da halitta guda take samun ci da sha da inda za ta yi ƙwai, wanda in an taɓa shi ita ma ta tafi. Ku tuna malam-buɗe-littafin nan ruwan lemo mai baƙin gefen fiffike da ɗigon fari, da muke bi muna yara. A kan tumfafiya yake ƙwai, tsutsarsa ganyen take ci, ɗacin kuma ya zauna a jikinta har tsuntsu ya ƙi ta. Baƙin malam-buɗe-littafin nan mai ɗigon rawaya shi kuma ganyen lemo ne nasa. Kowa da wurinsa.

Na karanta kalmomin da wasunku suka turo mini a madadin muhalli. Matsuguni yana da kyau, amma kunnena yana jin 'yan gudun hijira a cikinsa. Makwanci na barci ne, wani lokaci ma kabari. Sheƙa ta tsuntsu ce. Mazauni ya fi kwanta mini, in aka jingina shi ga mai shi: mazaunin malam-buɗe-littafi, mazaunin kada.

Sai wani dattijo da ke sayar da raguna a Alaba Rago ya aiko da saƙon murya, ya ce, "Ɗana, ai mu 'makiyaya' muke ce wa wurin, wato inda dabba ke kiwo." Baba, Allah ya ƙara girma. Kalmar ba za ta ɗauki kifi da ƙwaro ba, amma ka buɗe mini ƙofar da ban lura da ita ba, wato kiwo. Dama rabin matsalata shi ne yadda za a faɗi aikin kula da wurin. Kowa cewa yake "kare muhalli", ni kuwa akwai labarin da ya sa nake tsoron kalmar karewa ita kaɗai.

A Ingila akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi da aka bayyana ƙarewarsa a ƙasar a 1979. Tun kafin nan an yi ta ƙoƙarin ceto shi, har an yi wa wani fili shinge don hana masu kama shi. Shingen ya hana dabbobi shiga, ciyawa ta yi tsawo. Wani masani, Jeremy Thomas, shi ya gano inda gizo ke saƙar. Tsutsar tana cin furen wani ɗan tsiro na 'yan makonni, sai ta faɗo ƙasa, wata irin jar tururuwa ta ɗauke ta zuwa raminta tana zaton ɗanta ce. Can take zama wajen wata goma tana cin 'ya'yan tururuwar. Ita kuma tururuwar sai ƙasa mai ɗumi, wadda rana ke duka saboda dabbobi sun cinye ciyawar ta yi gajere. Da kiwo ya ragu, cuta kuma ta kashe zomaye a shekarun 1950, ƙasa ta yi sanyi, tururuwar ta ja da baya, shi ma ya bi ta. Da aka mayar da shanu da tumaki, aka yi sassabe, aka kawo iri daga Suwidin a shekarun 1980, sai ga shi ya dawo.

To kun ga, shinge karewa ne, amma bai isa ba. Wurin yana son hannu kullum, a sare nan, a bar can, a shuka, a ƙirga abin da ya fito. Bahaushe ya riga ya ce kiwon lafiya, kuma ba wanda yake zaton tura lafiya daji ake yi. Don haka nake ba da shawarar kiwon mazauni.

Wata 'yar'uwa daga Idi-Araba ta ce "raino" ya fi taushi. Yaya, gaskiyarki, sai dai raino yana da ranar yaye, wannan aiki kuwa ba shi da ita.

Saura masu yin aikin ba don kuɗi ba. Aikin sa kai daidai ne, ba na jayayya. Amma wanda ya zo daga Zamfara ko Katsina in ka ce masa 'yan sa kai, masu farautar ɓarayin daji zai fara tunawa, kuma iyaye ba za su ba ni yaransu da wannan suna ba. Muna da gayya. Gari ya taru ya yi wa mutum noma ko yaɓe, a ci abinci a watse. 'Yan gayya ke nan.

Ga yadda na rubuta sanarwar da zan liƙa a makaranta, ku gyara mini kafin Juma'a: "Ana neman 'yan gayya ranar Lahadi bayan sallar La'asar don kiwon mazaunin malam-buɗe-littafi a bayan aji. Za mu dasa lemun tsami. Tumfafiyar da ke jikin katanga kada a sare ta, kuma yara kada su taɓa ruwanta, yana cutar da ido."